Puskas: ƙafar hagu kam babu gardama, amma ya iya koci kuwa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan majalisa. Jiya a gidan kallo, ana hutun rabin lokaci, aka sake nuno ƙwallon nan da Garnacho ya ci Everton, wadda ta ba shi kyautar Puskas ta 2024, kyautar nan da FIFA take ba wanda ya ci ƙwallo mafi kyau a shekara. Sai wani yaro a bencin baya ya ce wai shi Puskas ɗin nan kamfani ne ko mutum? Aka kwashe da dariya. Da aka ce to wa zai ba shi amsa, mu fiye da ashirin babu wanda ya wuce "ai tsohon ɗan wasan Madrid ne". Abin ya tsaya min a rai, na dawo gida na bi tarihin mutumin har wajen ƙarfe ɗaya na dare. Ferenc Puskas, ɗan ƙasar Hangari, haihuwar Budapest 1927. Ya buga wa ƙasarsa wasa 85, ya ci ƙwallo 84. A nan ba ni da ta cewa. Inda na tsaya shi ne bayan ya ajiye takalmi. Yau ka gan shi a Amurka, gobe Kanada, jibi Girka, gata Saudiyya, can Masar, can Faragwai, har Ostireliya. Madrid ɗin da ya yi wa bauta shekara takwas ba ta taɓa ba shi ƙungiya ba. Ni dai a ganina koci ya gagare shi, suna kawai yake sayarwa. Wanda yake da ja ya zo da hujja.

Ɗan Barca:
Wa alaikumus salam. Ni ko a wasan ma ina da ja. Ƙafa ɗaya ce da shi, ba ya cin ƙwallo da ka, ga tumbi. Ku 'yan Madrid komai naku sai kun zuzuta shi.

Bahago:
Ɗan Barca, tun kafin a shimfiɗa tabarma ka fara? Messi ɗin naka ƙafa nawa ce da shi?

Kawu Tsohon Gola:
Ku yi a hankali yara. Ni ban kalli Puskas ido da ido ba, amma na tashi a hannun waɗanda suke kiran sunansa kamar maƙwabcinsu ne, Fuskas suke ce masa. Su can mutanensa "Pushkash" suke faɗi. Ɗan Barca, ka nemi bidiyon wasan Wembley na 25 ga Nuwamba 1953, yana nan a YouTube, baƙi da fari. Kafin ranar babu wata ƙasa daga wajen tsibiran Birtaniya da ta taɓa doke Ingila a gidanta. Hangari ta zo ta zuba musu 6 da 3 a gaban mutum sama da dubu ɗari. Ka tsaya a ƙwallo ta uku. An turo masa ita a gefen dama na gidan gola, Billy Wright, kyaftin ɗin Ingila, ya taho da gudu zai share shi. Puskas ya ɗora tafin ƙafar hagu a kan ƙwallon ya janyo ta baya, Wright ya wuce fuuu yana zamiya a ƙasa, shi kuma da wannan ƙafar dai ya ɗirka ta sama kusa da turke. Gaba ɗaya abin bai kai daƙiƙa biyu ba. Wani ɗan jaridar Ingila ya ce Wright ya wuce kamar motar 'yan kwana-kwana da ta nufi inda ba can gobarar take ba. Na kalli wurin nan ya fi sau hamsin, jikana ya gaji da mayar min da shi baya.

Ɗan Barca:
Allah ya ƙara girma Kawu, ban musa ba. Amma a wasan nan abokin wasansa Hidegkuti ne ya ci uku, Puskas biyu ya ci. Me ya sa ba a sa wa kyautar sunan Hidegkuti ba?

Malam Mai Tarihi:
Tambayar tana da kyau, ko da da tsokana aka yi ta. Gaskiya ne Hidegkuti ne ya rikita Ingila a ranar. Lamba 9 ce a bayansa, amma sai ya riƙa komawa tsakiya, ɗan bayan Ingila da aka ce ya riƙe shi ya rasa ko ya bi shi ko ya tsaya. Ramin da ya bari shi Puskas da Kocsis suke faɗawa. Dabarar kociyansu ce, Gusztav Sebes. Kuma ba su tsaya nan ba, a Mayun 1954 Ingila ta je Budapest ramuwa, aka ƙara mata 7 da 1, wanda har yau shi ne kashi mafi muni da ta taɓa sha.

Abin da ya sa suka san juna haka, yawancinsu ƙungiya ɗaya suke. Puskas ya tashi a unguwar Kispest, babansa koci ne a ƙungiyar unguwar, abokinsa Bozsik kuma maƙwabcinsu ne tun suna yara. Yana shekara 16 ya fara buga wa manya, a 1943. A 1949 gwamnatin kwaminisanci ta miƙa ƙungiyar ga ma'aikatar tsaro, aka canza mata suna zuwa Honved, aka riƙa kwaso gwanayen ƙasar da sunan aikin soja. Ta haka Puskas ya samu muƙamin Manjo ba tare da ya san filin daga ba. Grosics mai tsaron gida, Bozsik, Kocsis, Czibor, duk a Honved suka taru. Da su aka ci zinare a Olamfik na 1952 a Helsinki, suka doke Yugoslabiya 2 da nema, Puskas ne ya fara ci.

Maman Sultan:
To ni tambayata, in har sun kai haka, ina kofin duniyarsu?

Bahago:
Hajiya kin taɓo inda yake mana ciwo.

Malam Mai Tarihi:
Hajiya, kofin ya zo har bakinsu ya zube. 1954 a Suwizalan. Sun shiga gasar sun shekara huɗu ba a doke su ba. Suka ci Koriya ta Kudu 9 da nema, suka ci Jamus ta Yamma 8 da 3. A wannan wasan na Jamus ne Werner Liebrich ya taka Puskas a idon sawu, bai buga wasan Barazil ba, bai buga na Yurugwai ba, duka biyun kuma an ci 4 da 2 ba shi. Ranar 4 ga Yuli aka sake haɗuwa da Jamus a wasan ƙarshe a birnin Bern, ana ruwan sama. Puskas ya dawo, minti 6 ya ci, minti 8 Czibor ya ƙara. Kowa ya ce an gama. Kafin minti 20 Jamus ta farke duka biyun, saura minti shida a tashi Helmut Rahn ya ci ta uku. Can dab da tashi Puskas ya zura wata, mai tuta ya ɗaga, wai satar gida.

Baban Ummi:
Yawwa, Malam ka kawo ni inda nake so. Mutum yana da rauni, an ci wasa biyu masu zafi ba shi, me ya kai shi dagewa sai ya buga? A lokacin fa ba a canji, in ka shiga ka shiga ke nan. Wannan son kai ne, kuma irin halin nan ne ba ya barin mutum ya zama koci nagari.

Kawu Tsohon Gola:
Haba Baban Ummi. Wanda ka ce gurgu ne shi ya ci ta farko, shi ya ci wadda aka soke. In da mai tuta bai ɗaga hannu ba da yanzu wani labarin kake bayarwa. Kuma wane koci ne a duniya kyaftin ɗinsa zai ce masa zan iya, a wasan ƙarshe na kofin duniya, ya ce masa zauna? Ka tambayi masu tsaron gida irina abin da ruwa yake yi wa fili. Jamusawa takalman Adi Dassler suka sa, masu ƙusoshin da ake kwancewa a ɗaura dogaye in ƙasa ta jiƙe. Wannan ma ya taka rawa.

Ɗan Barca:
Shi dai Puskas ba takalmi ya ce ba. Cewa ya yi Jamusawa sun sha ƙwaya.

Malam Mai Tarihi:
Ya faɗa, kuma maganar ta bi shi. Sai da ya rubuta takardar ban haƙuri kafin hukumar ƙwallon Jamus ta yarda Frankfurt ta buga da Madrid a 1960. Amma bari mu bi abin daki-daki, don akwai 1956 a tsakani, kuma in ba a fahimci 1956 ba, ba za a fahimci yawon da Baban Ummi yake magana a kai ba.

A Oktoban shekarar mutanen Hangari suka yi wa gwamnati bore, farkon Nuwamba tankokin Tarayyar Sobiyet suka shiga Budapest suka murƙushe su. Honved tana da wasan kofin Turai da Athletic Bilbao. Aka ci su 3 da 2 a Bilbao, wasa na biyu ba halin yin sa a gida, aka kai shi Brussels aka tashi 3 da 3. Daga nan 'yan wasan suka ƙi komawa, suka shiga yawon wasannin neman kuɗi har Barazil. Daga baya wasu suka koma, irin su Bozsik da Grosics. Puskas da Kocsis da Czibor suka ce ba da su ba. Matarsa da 'yarsa ta kan iyakar Ostiriya suka tsere suka same shi. Aka dakatar da shi daga wasa, ya yi kusan shekara biyu a zaune. Kuma tunda a takarda soja ne, a can gida ɗan gudun soja aka ɗauke shi. Bai sake taka ƙasarsu ba sai 1981.

Bahago:
Nan ne ni abin yake burge ni. Mutum ɗan shekara 31, ya yi ƙiba, ƙungiyoyin Italiya duk sun duba shi sun kau da kai. Shi da bakinsa ya ba da labarin yadda ya nuna wa Santiago Bernabeu cikinsa ya ce ka ga fa kilo 18 ne ya hau kaina, Bernabeu ya ce wannan kai ta shafa. Ya je ya sauke. Daga 1958 zuwa 1966, La Liga biyar a jere, sau huɗu yana zama wanda ya fi kowa ci a Sifaniya, ƙwallo 156 a wasan lig 180. Yanzu ɗan shekara 31 Saudiyya ake nema masa.

Sannan Glasgow, 18 ga Mayu 1960, mutum sama da 127,000. Madrid 7, Frankfurt 3. Di Stefano uku, Puskas huɗu. Har gobe babu wanda ya sake cin huɗu a wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Ɗan Barca, a cikin huɗun nan akwai ta ka, kai da ka ce ba ya ci da ka.

Ɗan Barca:
Akwai kuma fenariti, ka manta ba ka faɗa ba. Kuma kofi uku da kuke lissafa masa, 1959 da 1960 da 1966, wasan ƙarshe ɗaya kaɗai ya buga a ciki. Sauran biyun da ya buga, 1962 da 1964, duka an doke ku. Mu namu 'yan Hangarin fa, Kocsis da Czibor da suka zo Barca? Kocsis ƙwallo 75 a wasa 68 ya ci wa ƙasarsa, ku lissafa ku gani wa ya fi.

Malam Mai Tarihi:
Lissafinka daidai ne. Amma tunda ka ambaci naku, bari in tuna maka abin tausayi. A 1961 Barca ta je wasan ƙarshe da Benfica, a filin nan dai na Bern inda Jamus ta doke su. Kocsis ya ci, Czibor ya ci, aka tashi 3 da 2, an sake doke su. Fili ɗaya, sakamako ɗaya, shekara bakwai a tsakani.

Ɗan Barca:
Malam ai da ka bar wannan.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaisuwa daga Gana. Ina ta karantawa shiru, amma dole in sa baki. Puskas ya taka ƙasarmu. A Agustan 1962, zamanin Nkrumah, Real Madrid ta zo Accra da shi da Di Stefano, ta buga da Black Stars, aka tashi 3 da 3. Tsofaffinmu a zango har yanzu in gardamar ƙwallo ta tashi da 'yan Najeriya wannan suke fara jawowa.

Maman Sultan:
Mu ma ai mun gaisa da Hangari. Atlanta 96, wasanmu na farko da su ne, Kanu ya ci ɗaya aka tashi. Daga nan hanya ta buɗe har zinare.

Baban Ummi:
Jama'a an bar jaki ana dukan taiki. Ni ban ce bai iya wasa ba. Maganar koci nake yi. Kuma ga wata hujjar. Tun yana saurayi a Kispest, kociyansu Bela Guttmann ya ce wani ɗan baya kada ya koma fili bayan hutun rabin lokaci, Puskas ya ce masa koma abinka, ya kuwa koma. Guttmann ya hau kan benen 'yan kallo ya zauna, aka tashi ya kama hanyar gida, bai sake dawowa ba. Wanda bai bi na gaba ba, wa zai bi shi? Shi Guttmann ɗin shi ne koci na gaske. Ya ci kofin Turai biyu da Benfica, na biyun ma a kan Madrid ɗin Puskas, 5 da 3 a 1962.

Bahago:
A wasan da Puskas ya ci uku rigis kafin hutun rabin lokaci, yana ɗan shekara 35. Ka riƙa ƙarasa zance.

Koci Ƙarami:
Salamu alaikum. Ni ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara 15 a unguwarmu, don haka maganar nan ta shafe ni. Baban Ummi, akwai gaskiya a zancenka, na gani da idona. Akwai wani tsohon ɗan wasa da muka taɓa gayyata ya taya mu, mutumin da a zamaninsa in ya riƙe ƙwallo sai an yi masa tafi. Ya zo ya ajiye ƙwallo a wajen yadi na 18, ya nannaɗe ƙafar wando, ya lanƙwasa ta ta shige kusurwa. Ya juyo ya ce wa yaran, "Haka za ku yi." Wani yaro ya ce, "Koci, ta yaya?" Ya ce, "Kamar yadda na yi mana." Ya sake bugawa, ta sake shiga. Yaran suka yi ta harbawa sama, shi kuma yana ta faɗa. Sati biyu ya yi ya daina zuwa. Abin da Allah ya ba ka kyauta, wuyar koyarwa gare shi, don kai ma ba ka san yadda aka yi ka iya ba.

Amma Puskas ba a nan nake ajiye shi ba, saboda Panathinaikos. Ka je ka duba kofin zakarun Turai na 1971, lokacin shi ne kocinsu. Ƙungiyar Girka, a lokacin da ƙwallon ƙasar ma bai zama cikakkiyar sana'a ba, sai 1979 aka mayar da lig ɗinsu na ƙwararru. Suka fitar da Everton, wadda ita ce zakaran Ingila a lokacin, 1 da 1 a Goodison, canjaras ba ci a Atina. A wasan kusa da na ƙarshe Red Star ta zuba musu 4 da 1 a Belgrade. Wa zai ce za su dawo? Suka rama 3 da nema a gida suka wuce. Ɗan gabansu Antoniadis shi ya fi kowa ci a gasar, ƙwallo 10. Wasan ƙarshe a Wembley, filin da ya yi wa Billy Wright abin nan shekara 18 baya, suka gamu da Ajax ta Cruyff da Rinus Michels aka ci su 2 da nema. Ajax ɗin da daga nan ta ɗauki kofin sau uku a jere. Har yau babu ƙungiyar Girka da ta sake zuwa wasan ƙarshe na wannan kofin. Mai sayar da suna ba ya yin haka.

Baban Ummi:
Sau ɗaya ne fa. Ko makaho yana iya tsintar kuɗi a hanya. Kuma duka wasannin biyu da ka faɗa da dokar ƙwallon waje suka wuce, wato in jimilla ta zo daidai wanda ya fi ci a gidan abokin karawa shi yake wucewa, Everton ma ba su doke ta ba.

Koci Ƙarami:
Dokar ai ba don su aka kafa ta ba, a lokacin kowa da ita yake wasa. Kuma ya ci musu lig a 1972, shekara huɗu ya yi a can. Ni abin da nake kallo shi ne dawowar nan daga 4 da 1. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban yara bayan an yi musu irin wannan cin ya san ba allo da alli ne suke tashinsu ba. Sai sun kalli fuskarka sun ga kai ba ka tsorata ba. To ka ɗauka wanda yake gabanka mutum ne da ya ci huɗu a wasan ƙarshe, ya rasa kofin duniya, ya rasa ƙasarsa, ya dawo daga kilo 18, sannan ya ce maka ku kwantar da hankalinku, su ma ƙafa bibbiyu ce da su. Dole ka yarda.

Kawu Tsohon Gola:
Allah ya yi maka albarka Koci. Abin da na kasa faɗa ke nan.

Malam Mai Tarihi:
Amma don adalci, Baban Ummi bai yi ƙarya ba game da sauran wuraren. San Francisco da Vancouver, Alaves da Murcia a Sifaniya, Colo-Colo a Cile, ƙungiyar ƙasar Saudiyya, AEK a Girka, Sol de America da Cerro Porteno a Faragwai, yawancinsu bai daɗe ba, kuma ba wani abin a zo a gani. A Masar ya riƙe Al Masry ta Fot Sa'id daga 1979 zuwa 1982, bai ci lig ba. Sai dai ita Al Masry har yau ba ta taɓa cin lig ɗin ba, ƙasar da Ahly da Zamalek suka kankane komai. Abin dariyar ma, abokinsa Hidegkuti ya riƙe Al Ahly shekaru a cikin 1970 da wani abu, ya yi ta kwasar kofuna. Ka ga banbancin wanda aka ba doki da wanda aka ba jaki.

Ɗan Barca:
Kun gani ko? Na ce muku Hidegkuti ne mutumin, a fili da kan benci.

Baban Ummi:
To ai shi ne. Me ya sa kullum jaki ake ba shi? Masu dokin ba su yarda da shi ba ne. Di Stefano ya riƙe Madrid, ya ci La Liga da Valencia. Shi fa?

Maman Sultan:
Ni kuma wani abu nake gani daban. Di Stefano yana da inda zai koma, ya je Ajantina ya yi koci a Boca da River. Shi wannan bawan Allah ƙasarsa ta rufe masa ƙofa shekara 25. Wurin da ya fi dacewa ya fara, inda ake jin yarensa, inda kowane yaro ya san shi, nan ne ba zai iya zuwa ba. Wanda ba shi da gida ai duk inda aka kira shi zuwa zai yi. Lokacin da suka ba shi ƙungiyar ƙasar a 1993 yana da shekara 66, wasa huɗu kawai ya ja, ƙwallon Hangari kuma ta riga ta mutu, tun 1986 rabonsu da kofin duniya.

Bahago:
Hajiya ta gama magana. Saura Ostireliya, wadda Baban Ummi ya ambata kamar wurin da aka jefar da shi. South Melbourne, ƙungiyar Girkawa mazauna can. Ya ci musu kofin ƙasar a 1991, suka doke Melbourne Croatia a bugun fenariti. Kun san wa ye kyaftin ɗinsa? Ange Postecoglou, wanda daga baya ya zama kocin Tottenham. Shi ne direbansa ma, shi yake ɗauko shi a tsohuwar motarsa ya kai shi atisaye, shi ne kuma tafinta, don Puskas ya fi jin Girkanci a kan Turanci. Postecoglou ya sha faɗa cewa a wurin tsohon nan ya koyi son kai hari. Shi ɗan baya ne, amma Puskas ba ya son 'yan gefensa su dawo taya tsaro, ya fi so su tsaya can gaba su jira ƙwallo.

Ɗan Barca:
Ashe shi ya koya masa wannan haukar! Mutum tara a fili da Chelsea amma 'yan baya suna tsaye a layin tsakiya. 'Yan Tottenham ku zo ga wanda ya jawo muku.

Bahago:
Haukar da ta kawo musu kofin Europa a 2025 bayan shekara 17 ba kofi. A kan wa? A bar maganar, akwai 'yan United a gidan nan.

Baban Ummi:
Kar ka sako mu a ciki. Kuma a wasan nan ai tsaro ya yi, ba hari ba, ya ci ɗaya ya kulle gida. Ko Postecoglou ɗin sai da ya ajiye karatun Puskas kafin ya ɗauki kofi.

Koci Ƙarami:
Hhhh wannan kam ka same mu. Amma ka lura da yadda ka sauko. Da farko cewa ka yi koci ya gagare shi. Yanzu muna gardama ne a kan ko ɗalibinsa ya bi karatunsa ko bai bi ba. Wanda koci ya gagara ba ya barin ɗalibi.

Kawu Tsohon Gola:
Bari in ba ku wani labari da George Best ya bayar, tunda an zo Ostireliya. Suna koyar da yara tare da Bobby Charlton da Denis Law da Puskas. Yaran ba su san shi ba, suna ta yi wa tsoho mai tumbi dariya. Aka ce su zaɓi koci ɗaya ya gwada dukan sandar saman raga sau goma, suka zaɓi mai tumbin don su sha dariya. Ya buga tara, duka suka daki sandar. Ta goma ya ɗaga ta sama, ya tare da kafaɗa, ya tare da ka, ya taɓa da dunduniya, kafin ta sauka ya ɗirke ta, ta sake dukan sandar. Yaran suka yi tsit, wani ya tambaya wai wane ne wannan.

Baban Ummi:
Kawu, da girmanka, wannan labarin ai nawa ne ba naku ba. Daidai yake da na tsohon ɗan wasan da Koci Ƙarami ya ba mu. Ya nuna musu shi gwani ne. Yaro nawa ne a cikinsu ya koyi dukan sandar?

Koci Ƙarami:
Banbancin shi ne namu ya yi fushi ya tafi bayan sati biyu. Wannan ya yi shekara 26 yana yi, daga 1967 har 1993, a nahiya shida, da yaren da ba nasa ba.

Maman Sultan:
Ƙarshensa fa? Ya koma gida?

Malam Mai Tarihi:
Ya koma, a Budapest ya ƙarasa rayuwarsa. A 2000 aka gano yana da cutar mantuwa, ya yi shekarunsa na ƙarshe a asibiti. Yana raye aka sa wa babban filin wasan ƙasar sunansa, filin da aka ci Ingila 7 da 1. Ya mutu ranar 17 ga Nuwamba 2006 yana da shekara 79, gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa, aka binne shi a babban cocin Saint Stephen, shi da aka taɓa kira ɗan gudun soja. An rushe tsohon filin an gina sabo a wurin, Puskas Arena, aka buɗe a 2019, nan Sevilla ta doke Roma ta Mourinho a 2023. FIFA kuma ta fara ba da kyautar a 2009, Cristiano ne ya fara ɗauka da ƙwallon da ya ci Porto daga nesa. Salah ya ɗauka a 2018.

Ɗan Barca:
Messi bai taɓa ɗauka ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna muku kyautar ta 'yan Madrid ce.

Bahago:
Salah ɗan Madrid ne? Son ɗan Koriya fa? Giroud fa? Ai duk sun ɗauka.

Baban Ummi:
To, na janye kalmar "gagara". Amma ban yarda babban koci ba ne. Matsakaici ne da ya yi shekara ɗaya ta mamaki. In na haɗu da yaron nan ranar Asabar zan ce masa mutum ne, ba kamfani ba, in nuna masa bidiyon Kawu. Koci Ƙarami, tambaya ɗaya ta rage min. A ce yau an ba ka zaɓi, Puskas ko Guttmann, wa za ka ba yaranka?

Koci Ƙarami:
Guttmann daga Litinin zuwa Juma'a. Ranar wasa kuma Puskas ya shiga ɗakin canza kaya. Sai dai ka san ba za su zauna a benci ɗaya ba, ɗaya zai hau bene ya bar mana filin.

Kawu Tsohon Gola:
An kira la'asar a nan. Bahago, ka turo min wasan Glasgow ɗin cikakke in kana da shi, wanda nake da shi minti goma ne kawai kuma ba ya nuna ta huɗun sosai.